Garin Tone-Tone: Wa Ya Riga Wa Zuwa Wurin Ibada?

Duk wanda ya taɓa zagawa cikin unguwar Maitama a birnin Abuja, inda manyan ƙasa da jakadun ƙasashen waje suka kafa gidajensu, ya san yawancin titunanta sunayen koguna suka ci. Ga titin Nile, ga na Amazon, ga Mississippi da Danube, ga kuma Yedseram na ƙasar Barno. Daga cikinsu akwai wani mai suna Ganges, watau Ganga, babban kogin nan na Indiya wanda mabiya addinin Hindu ke ɗauka da tsarki. To, a bakin wani kogi mai suna Sarayu, wanda ruwansa ke gangarawa cikin Gangan nan, akwai wani ɗan fili da bai cika eka uku ba, wanda aka yi shekara fiye da ɗari ana shari'a a kansa, aka kuma yi asarar rayuka wajen dubu biyu dominsa. Tambaya guda ce ta jawo wannan duka: wa ya riga wa yin ibada a wurin? Ita kuwa tambayar nan ba ta san iyakar ƙasa ba. Yadda ta tsaya a Indiya, haka tana iya tsayawa a gindin Dala, tana kuma iya tsayawa a Maitama ɗin kanta.

Sunan garin Ayodiya, yana cikin Jihar Uttar Paradesh a arewacin Indiya. Masu da'awar filin kashi uku ne, kowa da hujjarsa. Musulmi suka ce masallacinsu ne. A shekarar 1528 wani sarkin yaƙi mai suna Mir Baƙi ya gina shi, a zamanin Babur wanda ya kafa daular Mugal, shi ya sa ake kiransa Masallacin Babri. Gini ne mai ƙubba uku, suka ce kaka da kakanni a nan suke salla, Juma'ar ƙarshe da aka yi a ciki kuwa ita ce ta ran 16 ga Disamba, 1949.

'Yan Hindu suka ce a'a, wurin nan mahaifar Rama ce, wanda suke bauta wa, wanda kuma duk mai kallon finafinan Indiya a silimun Kano da Kaduna ya sha jin sunansa. Suka ce daidai ƙarƙashin ƙubbar tsakiya aka haife shi, da can akwai ɗakin bautarsa a wurin, Mir Baƙi ne ya rushe shi ya ɗora masallaci a kai.

Kashi na uku su ne mabiya Buda, waɗanda muryarsu ba ta cika fitowa ba, domin bisa ƙidayar 2011 ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na jama'ar Indiya ba, alhali 'yan Hindu sun kusa tamanin, Musulmi kuma sha huɗu. Su cewa suka yi tsohon sunan garin Saketa, littattafansu kuma sun nuna Buda da kansa ya sha sauka a can, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Matafiya biyu 'yan ƙasar Sin, ɗaya a ƙarni na 5, ɗaya a ƙarni na 7, sun bar labarin wuraren ibadar Buda a wannan yanki. Wani Baturen Ingila, Alexander Cunningham, wanda ya kafa hukumar binciken kufai ta Indiya, ya duba garin wajen 1862, ya ce wasu daga tuddansa kufan gine-ginen Buda ne. Ko ginshiƙan baƙin dutsen da ke jikin masallacin, waɗanda 'yan Hindu ke nunawa a matsayin ragowar ɗakin Rama, mabiya Buda suka ce nasu ne. A 2018 wani mazaunin garin ya kai wannan da'awa gaban Kotun Ƙoli. 'Yan Hindu suka mayar da martani cewa ai Rama ya riga Buda zuwa duniya. Ana cikin haka ga mabiya addinin Jain a gefe, su ma suna cewa biyar daga manyan malamansu na farko a garin aka haife su.

Rigimar ba jiya ta fara ba. Bayan wani tashin hankali a shekarun 1850, Turawan mulki suka raba harabar da shinge, Musulmi na salla a ciki, 'yan Hindu na tasu bautar a waje. A 1885 wani malamin Hindu mai suna Raghubar Das ya nemi izinin gina ɗakin bauta a farfajiyar waje, kotu ta hana. Da aka ɗaukaka ƙara a 1886, alƙalin, wanda shi ma Bature ne, ya nuna bai ji daɗin yadda aka gina masallaci a ƙasar da wasu ke girmamawa ba, amma ya ce abin da ya auku shekara 356 da suka wuce ya wuce gyara, a bar kowa inda yake. A kan wannan aka zauna fiye da shekara sittin.

A daren 22 ga Disamba, 1949, wasu suka shiga masallacin a ɓoye suka ajiye gumakan Rama ƙarƙashin ƙubbar tsakiya. Da gari ya waye aka baza labari cewa Rama ne ya bayyana da kansa. Hukuma ta garƙame ƙofa, amma ba ta fitar da gumakan ba, daga ranar kuwa salla ta yanke. A 1986 wani alƙalin gunduma ya ba da umurnin a buɗe wa 'yan Hindu. Daga nan 'yan siyasa suka gane akwai ƙuri'a a cikin maganar. A 1990 L. K. Advani na jam'iyyar BJP ya ratsa ƙasar cikin mota da aka yi wa ado kamar keken yaƙin mutanen da, yana kiran jama'a su zo a gina ɗakin Rama. Ran 6 ga Disamba, 1992, dubban mutane suka afka wa masallacin da diga da guduma, kafin faɗuwar rana ƙubbobin nan uku sun zama ƙasa. Wutar da ta biyo baya ta ci mutum wajen dubu biyu, mafi yawansu Musulmi, ta kuma tsallaka Pakistan da Bangaladash, inda aka rama a kan ɗakunan bautar 'yan Hindu waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Da aka rasa yadda za a yi, sai aka ce a tambayi ƙasa. A 2003 Babbar Kotun Allahabad ta sa hukumar binciken kufai ta tona filin. Masu tono suka ce sun sami alamar wani babban gini a ƙarƙashin masallacin, a ƙarƙashinsa kuma akwai alamun zaman mutane hawa-hawa, wani bisa wani, har can zamani mai nisa. Maimakon wannan ya kashe magana, sai ya ƙara mata ƙafa. 'Yan Hindu suka ce ga ɗakinsu nan. Wasu masana suka ce an karanta duwatsun yadda ake so ne. Mabiya Buda suka nuna wani ɗan kewayayyen gini da aka tono, suka ce irin nasu ne. Dutse dai ba ya magana, kowa ya zo sai ya sa masa tasa a baki.

A 2010 kotun ta raba filin, mai faɗin eka 2.77, gida uku, biyu ga ɓangarorin 'yan Hindu, ɗaya ga Musulmi. Babu wanda ya yarda. Ran 9 ga Nuwamba, 2019, alƙalai biyar na Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Ranjan Gogoi, suka yanke hukuncin ƙarshe baki ɗaya. Suka ce ajiye gumakan 1949 laifi ne, rushe masallaci a 1992 kuma keta doka ce babba. Suka ce ginin da aka samu a ƙasa ba na Musulunci ba ne, amma tonon bai tabbatar da cewa rushe shi aka yi domin a gina masallaci ba. Duk da haka suka miƙa filin ga 'yan Hindu, bisa dalilin cewa hujjarsu ta riƙon wurin ta fi nauyi, suka ce a ba Musulmi eka biyar a wani wuri. Aka ba su a ƙauyen Dhannipur, can bayan gari. A 2020 wata kotu ta sallami duka mutum 32 da suka rage cikin waɗanda ake tuhuma da rushe masallacin. Ran 22 ga Janairu, 2024, Firayim Minista Narendra Modi ya jagoranci buɗe sabon ɗakin Rama. Mabiya Buda kuwa, ko da sufayensu suka yi zaman dirshan a garin a 2020 suna neman a duba duwatsun da aka tono wajen share fili, ba su sami ko taku ɗaya ba.

Hausawa na cewa garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Majalisar Indiya ta hango wannan tun 1991, ta kafa doka cewa kowane wurin ibada ya tsaya a kan addinin da yake kai ran 15 ga Agusta, 1947, ranar samun 'yancin kai, in ban da na Ayodiya da ke gaban shari'a. Amma da aka ga an ci riba a wuri guda, sai ƙararraki suka ɓarke a kan masallacin Gyanvapi na Banaras, da na Mathura, da wasunsu. A Sambhal, cikin Nuwamba 2024, an rasa rayuka a kan zuwan masu awon wani masallaci, har sai da Kotun Ƙoli ta dakatar da karɓar sabbin ƙararraki irin waɗannan a watan da ya biyo. Wuƙar kuma ba ta da gefe guda. A Bodh Gaya, inda mabiya Buda suka ce a nan ya sami wayewarsa, su ne ke kuka cewa dokar 1949 ta sa 'yan Hindu cikin kwamitin kula da wurin da ya fi kowane tsarki a gare su. A can Turai, babban masallacin Kurɗuba ya zama majami'a tun 1236, ita kuwa Aya Sofiya ta Istanbul majami'a ce kafin ta zama masallaci a 1453. In aka ce kowa ya karɓi abin da kakansa ya fara kafawa, babu addinin da zai kwana da dukan ɗakunansa.

Akwai kuma inda da'awa uku ta haɗu ba a kai ga rushe-rushe ba. A tsibirin Siri Lanka, wanda malaman da ke kira Sarandib, akwai wani dutse mai tsawon mita 2,243, a ƙwanƙolinsa akwai wata alama kamar sawun ƙafa. Mabiya Buda suka ce sawun Buda ne, 'yan Hindu suka ce na Shiva ne, Musulmi suka ce nan Annabi Adamu ya fara taka ƙasa. Ibn Baɗuɗa ya hau dutsen wajen 1344, yana kama sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa domin masu hawa, shi ɗin nan da daga baya ya zo Mali ya bi ta Takadda har ya ambaci Gobir. Hannun mabiya Buda wurin yake, tsibirin kuma ya sha nasa rikice-rikicen, amma kowa ya isa sama ya kira sawun da sunan da ya gada ya sauko.

Mai karatu na iya cewa wannan duk labarin nesa ne. To, a buɗe littafin Tarihin Kano. A ciki an ba da labarin Barbushe da ke zaune a kan Dala, shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, wata itaciya da aka kewaye da bango. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343 bisa lissafin masana, shi ya fasa bangon. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar tsafi, masu tsafin kuma suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. Da Kanajeji ya sha kashi a hannun Zazzagawa, sai ya waiwayi al'adar kakanni ya nemi sa'a a wurinta. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sa aka sare itaciyar aka gina hasumiya a gurbinta. Watau kusan shekara ɗari biyu ana ja-in-ja a kan wurin ibada a cikin birnin Kano. In kuwa aka ci gaba da tono, masana sun sami alamar maƙera masu narka tama a Dala tun ƙarni na 7, tun ba a san sunan Barbushe ba.

Me ya sa Kano ba ta zama Ayodiya ba? Domin jikokin waɗanda suka taru a gindin Dala su ne suka cika sahun masallatai, kuma ba su taɓa musun asalinsu ba. Ana koya wa yara labarin Barbushe a makaranta, an sa wa ƙaramar hukuma sunan Dala, baƙo in ya zo a kai shi ya hau ya hango birni. Haka Daurawa suke nuna rijiyar Kusugu ba tare da imanin kowa ya girgiza ba. An bar wa tarihi abin da yake nasa, an bar wa masu rai wurin sallarsu. A kudancin ƙasar nan ma majami'u da yawa suna tsaye ne a kurmin da mutanen da ke tsoron shiga, wanda sarakunan gargajiya suka yanka wa 'yan mishan. Duk ɗan siyasar da ya zo wata rana da shebur yana cewa a tono asalin wani masallaci ko wata majami'a, a tambaye shi a wane hawa zai tsaya, kuma wa ya ba shi ikon zaɓen hawan.

Amma fa kada a ɗauki wannan a mayar da shi bargon rufe zalunci, a nan kuwa maganar ta dawo Maitama. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Doka ta 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta yanki ƙasa wajen murabba'in kilomita 8,000 domin sabon babban birni. An zaɓi wurin ne da hujjar cewa yana tsakiyar ƙasa, ba ya kuma hannun ko ɗaya daga manyan ƙabilu. Sai dai ba kufai ba ne. Akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, akwai Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da wasunsu, da gonakinsu da maƙabartunsu da duwatsun da suke girmamawa. Shi kansa sunan Abuja aro aka yi daga garin da Abu Ja, na gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa a 1828, aka mayar da tsohon garin Suleja. Dutsen Aso da fadar shugaban ƙasa ke gindinsa, sunansa da harshen Gbagyi ne.

Da farko an yi niyyar kwashe mutanen duka a tsugunar da su a wajen yankin da kuɗin gwamnati. A 1978 aka ga kuɗin ya yi yawa, aka sake shawara, aka ce sai waɗanda gini ya iso kansu za a tayar. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja. Mutanen ƙauyen Maitama aka kai su Kubwa. Gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991, birni ya yi ta cin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, sunayensu suka koma allon unguwanni: Garki, Jabi, Utako, Mabushi, Asokoro. Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa dukan ƙasar yankin ga Gwamnatin Tarayya. 'Yan asalin wurin ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya gare su da wakilai biyu, kuma kukansu a kan diyya da matsuguni bai yanke ba. An tuna da kogin Ganga da na Amazon wajen raɗa wa titi suna, amma tsohon da aka haifa a wurin sai ya shiga motar haya daga Kubwa in yana son ganin inda aka binne mahaifinsa, in ma bai tarar da katangar wani a kai ba.

Bambancin da ke tsakanin da'awar nan da ta Ayodiya a fili yake. Ita waccan, da wanda ake zargi da wanda aka ce an zalunta duk sun shekara ɗari biyar a ƙasa, babu shaida sai dutse. Ita wannan kuwa, masu ita suna da rai, shaidunsu suna da rai, takardun alkawarin da aka yi musu suna cikin ofisoshin gwamnati. Ta farko aikin malaman tarihi ce, su yi ta bincike har Mahadi ya bayyana, ba wanda zai yi asara. Ta biyu aikin hukuma da alƙali ce, kuma yau ake iya biyanta da kuɗi da fili da kujera a majalisa, tare da killace maƙabartu da wuraren da mutanen ke girmamawa. Ko a Ayodiya, zaluncin da aka iya gani da ido shi ne na 1949 da na 1992, ga masu laifi ga shaidu, amma aka bar shi aka tafi neman na 1528.

Haƙƙin da aka ƙi biya yana ɗanye ba ya mutuwa. Gado yake zama, jikoki su karɓe shi sun manta da lissafin eka da kuɗi, sai ɗacin kawai, daga nan wani mai neman ƙuri'a ya zo ya sa masa rigar addini. A tsakiyar Abuja ga Masallacin Ƙasa ga Majami'ar Ƙasa suna hangen juna, an gina su ne domin a nuna birnin na kowa ne. Wannan niyya ce mai kyau, cikarta kuwa ita ce a sallami waɗanda aka tayar domin a sami filin ginawa, tun suna iya sa hannu da kansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.